Yadda Ake Buga Haidirojel Mai Sakin Magani Idan Tsami ko Zafi Ya Canza

Tambayar da ɗalibai suka fi turo mini iri ɗaya ce: mun ji ana buga haidirojel, wato jel mai riƙe ruwa da yawa a cikin ragar zarurrukansa, da firintar 3D, ya riƙe magani har sai ya isa inda ake so sannan ya sake shi, to a aikace da me ake farawa? Wasu har sun fara cigiyar kuɗin firinta tun ba su san abin da za su zuba mata ba. Firinta ita ce mafi sauƙin sha'ani a wannan aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne kwaɓin da za ka buga, da kuma iya nuna cewa abin da ka buga ne ya tsare maganin, ba wani dalili daban ba.

Zan bi hanya ɗaya tiryan-tiryan: kwaɓin aljinet da metilselulos, wanda ke tsukewa a ruwa mai tsami irin na ciki, ya saki jiki a ruwa irin na ƙaramin hanji. Na zaɓe shi ne don kayansa ba su da tsada sosai, ba su da guba, kuma ba ya bukatar hasken UV. Masu son irin wanda ke jin zafi, na ware musu mataki na ƙarshe. Duk abin da ke nan aikin ɗakin gwaji ne. Ba a ba mutum ko dabba abin da aka buga sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma a Najeriya maganar abin da za a kira magani tana hannun NAFDAC.

Mataki na 1: Zaɓi abin da za ka ɗora wa jel ɗin

Aljinet daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa ake samo shi, kuma jikinsa cike yake da gaɓoɓin asid da ke sauya hali a wajajen pH 3.4 zuwa 3.7 (pH shi ne ma'aunin tsami, ƙaramin adadi ya fi tsami). Ƙasa da haka sai cajinsa ya mutu, ragar ta tsuke. Sama da haka cajin ya dawo, zarurrukan su ture juna, ruwa ya shiga. Wannan shi ne ƙofar da kake son ginawa. Amma ƙofa ba ta tsare abin da ya fi ramin makullinta ƙanƙanta. Ƙananan magunguna irin su farasitamol suna ficewa daga ragar aljinet cikin ɗan lokaci, ko da tsami ko babu. Idan da su ka fara, za ka ga layukan sakamakonka biyu, na ruwan tsami da na ruwan hanji, sun kusa hawa kan juna, ka ɗauka aikinka ne ya lalace.

Shawarata ka fara da furotin ɗin BSA, wanda ake samu daga jinin shanu. Ƙwayarsa babba ce, kusan kilodalton 66, kuma cajinsa yana juyawa a wajajen pH 4.7. A ruwan tsami yana da cajin fozitib, sai ya maƙale. A pH 6.8 shi da aljinet duk negatib ne, sai su rabu.

Gargaɗi: kada ka ruɗu da daikulofenak. Ɗalibai na son sa saboda kullum yana ba da sakamako mai kyan gani, ba ya fita a tsami, yana fita a bafa, wato ruwan gwaji mai riƙe pH irin na hanji. Ai ko babu jel haka zai yi, domin shi kansa da ƙyar yake narkewa a asid. Shi kuma shuɗin metilin yana da kyau wajen kallo da ido, amma cajinsa fozitib ne, yana manne wa aljinet, don haka ba zai faɗa maka gaskiyar yadda wani magani zai fita ba.

Mataki na 2: Tara kaya

Sinadarai: sodiyam aljinet, metilselulos mai kauri irin na 4000 cP, kalsiyam kulorayid, sodiyam sitret, asid ɗin HCl, gishirin NaCl, KH2PO4, NaOH, ruwan distil, BSA da ruwan gwajin Bradford na auna yawan furotin. Kayan aiki: sikeli mai auna miligiram, na'urar auna pH, majuyi mai maganaɗisu, sirinji masu bakin murɗawa na mililita 10, allurai marasa tsini, firji, bahon ruwa mai riƙe digiri 37, da sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwa ya sha.

Allurai ka sayi girma uku. 20G raminta kusan milimita 0.6 ne, 22G kusan 0.41, 25G kusan 0.26. Ga kwaɓi mai kauri, tsinin roba mai siffar mazurari ya fi allurar ƙarfe miƙaƙƙiya, don ba ya bukatar matsi mai yawa.

Maganar kuɗi kuwa, firintocin da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin na kamfanin Cellink ko RegenHU, daga dubban daloli suke farawa su yi sama. Firintar roba ta gama-gari irin Ender-3 kuwa wajajen dala 200 ce, kuma ana cire kanta mai zafi a ɗaura matsin sirinji. Ɗakin gwajin Adam Feinberg na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya saki zanen irin wannan matsi kyauta da sunan Replistruder, kuma firintar da kanta za ta buga maka yawancin sassansa kafin ka kwance ta. Kada ka manta da inbata ko batir a lissafinka. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, wannan samfur ya tafi, haka ma gwajin awa takwas idan bahon ruwa ya huce.

Aljinet na abinci ya fi na ɗakin gwaji araha nesa ba kusa ba, kuma ya isa koyon hannu. Amma don sakamakon da za ka rubuta, sayi gwangwani ɗaya na ɗakin gwaji ka yi dukan aikin da shi, ka rubuta lambarsa. Aljinet kala-kala ne, wani ya fi wani yawan gaɓoɓin da ke kama kalsiyam, kuma sauya gwangwani a tsakiyar aiki kan sauya ƙarfin jel.

Mataki na 3: Haɗa kwaɓi

Nan ne za ka fi daɗewa, kuma ya kamata. Aljinet shi kaɗai a kashi 3 cikin 100 kamar koko yake: ka zana layi ya baje. Abin da kake nema shi ne kwaɓin da zai yi laushi idan an matsa shi ta allura, ya tsaya cak da zarar ya sauka. Duk wanda ya taɓa kallon mai zanen lalle ya san wannan ma'auni. Idan kwaɓin ya yi ruwa zanen ya haɗe, idan ya yi tauri ya ƙi fita. Metilselulos shi ne ke ba da wannan jiki. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Dresden a Jamus sun yi suna da haɗin kashi 3 na aljinet da kashi 9 na metilselulos, kuma wuri ne mai kyau na farawa.

Don mililita 20: auna giram 0.6 na aljinet da giram 1.8 na metilselulos. Zuba ruwan distil a bika, kunna majuyi har ruwan ya yi rami a tsakiya, sannan ka riƙa barbaɗa garin aljinet kaɗan-kaɗan a gefen ramin. Idan ka juye shi gaba ɗaya zai yi gudaji, waje ya jiƙe ciki ya zauna gari, kamar tuwon da aka zuba wa gari ba a tuƙa ba. Rufe bikar, bar shi yana juyawa har ya narke sarai, ko da zai kwana.

BSA ka narkar da shi daban a ɗan ruwan da ka rage daga cikin mililita 20 ɗin, sannan ka haɗa a hankali. Misali miligiram 10 a kowace mililita ya isa a auna shi ba wahala. Kada ka kaɗa da ƙarfi. Furotin idan ya yi kumfa yana lalacewa, kuma kada ka saka shi a ruwa mai zafi.

Sai metilselulos. A nan majuyi ba zai iya ba, sai cokalin ƙarfe na ɗakin gwaji da ƙarfin hannu. Tuƙa har garin ya ɓace, rufe da kyau, saka a firji ya kwana. Metilselulos halinsa a juye yake: a sanyi yake shan ruwa ya narke, a zafi yake daskarewa. Wanda ya ɗora shi a wuta don ya hanzarta shi ya ƙara wa kansa aiki.

Tun a nan ka haɗa kwaɓi na biyu sak irin na farko amma babu BSA. Wannan shi ne holoƙonka, kuma zai bi duk matakan da ke gaba kafaɗa da kafaɗa da na gaske.

Gargaɗi: kada ka narkar da aljinet a ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse. Kalsiyam ɗin da ke ciki zai fara ɗaure shi tun a bika. Kuma idan daga baya ka bukaci kashe ƙwayoyin cuta, ka sani tukunyar turara tana tsinka zarurrukan aljinet, kaurinsa ya ragu.

Mataki na 4: Cika sirinji ka fitar da iska

Cire sandar sirinji, toshe bakin, ka cusa kwaɓin ta baya da cokali kana danna shi jikin bango. Kumfar iska ita ce ke yanke layi ana tsakiyar bugu, kuma ita ce ke sa kwaɓi ya ci gaba da ɗiga bayan matsi ya tsaya, domin iska tana matsuwa sannan ta dawo. Idan akwai santirifuj, na'urar da ke juya samfur da gudu sosai, saka sirinjin a rufe, baki a ƙasa, tare da abokin nauyinsa, ka juya na 'yan mintuna. Idan babu, haɗa sirinji biyu baki da baki ka riƙa tura kwaɓin a hankali, kana fitar da iskar da ta taru, sannan ka tsayar da shi a firji.

Kafin bugu, fito da shi ya ɗauki zafin ɗaki kamar rabin awa. Rubuta zafin ɗakin kowace rana.

Gwada da hannu kafin ka je wurin firinta. Matsa sirinjin a iska. Idan ɗigo-ɗigo yake fita, ya yi ruwa. Idan zare ne santala ya rataya kamar taliyar murji, ka dace. Idan ya fito yana murɗewa da ƙuraje a jikinsa, ya yi tauri ko bai gama jiƙa ba.

Mataki na 5: Shirya firinta

Masu firinta mai aiki da matsin iska, naku da sauƙi: ku fara daga matsi kaɗan ku riƙa ƙarawa har zare ya fito ba yankewa. Masu firintar da aka sauya, akwai abu uku.

Na farko, manhajar Marlin da ke sarrafa firintar ba ta yarda a tura komai idan kan firinta bai yi zafi ba. Umarnin M302 P1 shi ke cire wannan takunkumi. Na biyu, sai ka gaya mata taku nawa mota za ta yi sandar sirinji ta matsa milimita ɗaya. Motar da aka saba tana da taku 200 a zagaye, idan an raba kowanne gida 16 ya zama 3200. Idan kusar da ke tura sandar tana matsawa milimita 2 a kowane zagaye kuma babu giya a tsakani, amsar ita ce 1600, sai ka rubuta M92 E1600. Na uku, a manhajar yanka zane, Cura ko PrusaSlicer, inda aka tambayi kaurin zaren roba ka rubuta faɗin cikin sirinjinka. Na mililita 10 yakan kai wajen milimita 14.5, amma ka auna naka. Da wannan dabara manhajar za ta lissafa yawan kwaɓin daidai.

Kashe zafin faranti da fanka. Fanka tana busar da jel kafin ka ankara.

Kada ka ɓarnatar da kwaɓin BSA wajen koyon firinta. Man shafawa na Nivea mai shuɗin gwangwani yana buguwa da kyau, har masu bincike sun yi amfani da shi a matsayin abin kwatance. Da shi za ka gyara tsayin allura da gudu, sannan ka wanke ka koma holoƙo.

Mataki na 6: Zana siffa ka buga

Fara da ƙwaya mai faɗin milimita 10 da tsayin milimita 3. Yi ta iri uku gwargwadon yadda aka cika cikinta: ciko kashi 30, kashi 60 da kashi 100. Amfanin bugu ke nan a kan zubawa a mazubi. Kwaɓi ɗaya ne, amma mai ramuka da yawa ya fi haɗuwa da ruwa, don haka ya fi saurin sakin abin da ke cikinsa. Da siffa kaɗai kana iya jan lokacin ko gajarta shi.

Da tsinin 22G, fara da gudun milimita 5 zuwa 10 a daƙiƙa, tsayin kowane hawa kusan milimita 0.3. Buga raga mai hawa biyu tukuna ka duba ramukan. Idan murabba'i ne masu kusurwa, madalla. Idan sun zama zagaye, kwaɓin yana bajewa. Akwai lissafin da ake yi daga hoto: kewayen rami sau kansa, a raba da 16 sau faɗin filin ramin. Murabba'i cikakke yana ba da 1, kuma tsakanin 0.9 da 1.1 ana ɗaukarsa ya yi. Manhajar ImageJ kyauta ce, za ta auna maka.

Idan layi ya fi bakin allura faɗi sosai, ƙara gudu ko rage turi. Idan yana tsinkewa, rage gudu. Idan allura tana jan hawan ƙasa, ta yi kusa. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara ba. Kuma kada ka yi saurin komawa ƙaramar allura don neman kyan zane: raguwa kaɗan a faɗin rami tana ninka matsin da ake bukata sau da yawa, har mota ta fara tsallake taku tana ƙara.

Auna nauyin kowace ƙwaya nan take. Wadda ta bambanta da 'yan uwanta sosai ka ajiye ta gefe, domin nauyi shi ne yawan magani. Buga aƙalla uku na kowane iri ga kowane gwaji, da holoƙonsu.

Gargaɗi ga masu aiki lokacin hunturu: iskar ta bushe ƙwarai, ƙwaya ƙarama tana yin ɓawo cikin mintuna. Rufe firinta da akwati ko leda, ajiye jiƙaƙƙen tsumma a ciki, kuma ka wuce mataki na gaba ba jira.

Mataki na 7: Ɗaure da kalsiyam

Abin da ya sauka daga firinta tuwo ne kawai, ka saka shi a ruwa ya narke. Kalsiyam shi ke shiga tsakanin zarurrukan aljinet ya ɗaure su, kusan yadda ruwan tsami ke kama madarar waken suya ta zama awara. Haɗa ruwan kalsiyam kulorayid na milimola 100: giram 1.11 a mililita 100 idan busasshe ne, giram 1.47 idan mai ruwa biyu ne. Duba jikin kwalbar, mutane da yawa nan suke kuskure.

Kada ka kwara ruwan a kan ƙwayar, zai rushe ta. Ɗiga shi a gefe har ya rufe ta, ka bar ta minti 10. Lokacin nan ka tsare shi da agogo ga kowace ƙwaya, domin kalsiyam daga waje yake shiga ciki. Ɗan lokaci kaɗan ya bar tsakiya ɗanye, lokaci mai tsawo kuma ya ba magani damar gudu.

Ga abin da aka fi mantawa: kada ka zubar da ruwan wankan nan. Wani ɓangare na maganinka yana ciki. Yi amfani da adadi sananne, misali mililita 5 ga kowace ƙwaya, ka ajiye ka auna. Sannan ka ɗauki ƙwaya uku da aka ɗaure ka narkar da su gaba ɗaya a ruwan sodiyam sitret na milimola 55, wanda ke ƙwace kalsiyam, ka auna BSA ɗin da ya rage a ciki. Wannan adadi shi ne ɗari bisa ɗarinka, ba abin da ka auna a sikeli ranar haɗa kwaɓi ba. Wanda ya tsallake nan zai ga maganinsa ya tsaya a kashi 60 ko 70 ya ƙi ƙarasawa, ya rubuta cewa jel ne ya riƙe sauran, alhali sauran ya bi kwata tun ranar farko.

Gargaɗi: za ka ga wasu suna amfani da bariyam don ya fi kamawa. Yana da guba, ka bar shi.

Mataki na 8: Tabbatar jel ɗin yana amsawa

Haɗa ruwan gwaji biyu. Na ciki: giram 2 na NaCl da mililita 7 na HCl mai ƙarfi, a cika da ruwa zuwa lita ɗaya, pH kusan 1.2. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma da safar hannu da tabarau. Na hanji: giram 6.8 na KH2PO4 a lita ɗaya, a daidaita da NaOH zuwa pH 6.8.

Ɗauki holoƙo, tsane shi da takardar tacewa, auna, saka wasu a wannan ruwa wasu a wancan a digiri 37. Kowane minti 15 ko 30 ka ciro, ka tsane iri ɗaya, ka auna. Na cikin asid za su rage nauyi su yi fari-fari. Na cikin bafa za su kumbura, daga baya su fara zagwanyewa.

Ka fahimci abin da kake gani. Bafar fosfet ba pH kaɗai take sauyawa ba, tana kuma ƙwace kalsiyam. Asid ma yana korar kalsiyam, shi ya sa ƙwayar da ta yi awa biyu a asid ta fi saurin narkewa idan ta koma bafa. Wato wannan ƙofa sau ɗaya take buɗewa, ba ta komawa ta rufe. Ga maganin da ake so ya wuce ciki ya fita a hanji wannan ya wadatar. Amma kada ka rubuta cewa jel ɗinka yana buɗewa yana rufewa. Mai son haka sai ya koma ragar da aka ɗaure da ɗaurin dindindin, kamar ta foliakirilik asid.

Mataki na 9: Gwajin sakin magani

Tsarin da aka saba ga ƙwayoyin da ake so su wuce ciki shi ne awa 2 a asid, sannan a koma pH 6.8, duk a digiri 37 ana ɗan motsawa. Idan sashenku yana da na'urar gwajin narkewa mai filafili, madalla, sai dai tulunta babba ne, BSA zai tsinke har ya yi wuyar aunawa. Kwalba mai murfi da mililita 20 zuwa 50 a bahon ruwa mai girgiza ta fi dacewa da ƙaramar ƙwaya.

Ɗebi mililita 1 a minti 15, 30, 60, 90 da 120, sannan bayan sauya ruwa ka sake matse lokutan a farko, domin nan ne abin yake faruwa da sauri. Duk abin da ka ɗiba ka mayar da sabon ruwa mai ɗumi daidai shi.

Bradford ana karanta shi a nanomita 595. Yi layin ma'auni, wanda ake samu daga karatun sanannun adadin BSA, daban ga kowane ruwa: na asid, na bafa, na kalsiyam, na sitret. Layi ɗaya ba ya yi wa dukansu. Abin da holoƙo ya karanta a kowane lokaci ka cire shi daga na gaske, domin metilselulos yana zarewa daga ƙwayar ya shiga ruwa, aljinet ma haka, kuma suna iya gurɓata karatu.

Wajen lissafi kada ka manta da abin da ka riga ka ɗebe. Jimillar da ta fita a kowane lokaci ita ce yawan maganin da ke kowace mililita a yanzu sau dukan ruwan kwalba, a ƙara da duk maganin da ke cikin samfuran da aka ɗiba a baya. Wanda ya manta wannan zai ga layinsa yana sauka a ƙarshe, kamar magani yana komawa cikin jel.

Ka saka abin kwatance biyu da ba su da wahala amma su ne ke kare ka gaban masu jarrabawa. Na ɗaya, BSA tsura ba jel a ruwayen biyu, don a ga ko asid yana ɓata shi ko yana hana a gan shi. Na biyu, kwaɓin nan dai amma a zuba shi a mazubi ba bugu, mai nauyi ɗaya. Idan mai ciko kashi 30 bai bambanta da na mazubi ba, to bugun bai ƙara komai ba, kuma gara ka gano da kanka.

Masu ɗora sakamako a lissafin Korsmeyer da Peppas, kashi 60 na farko kaɗai ake ɗorawa. Lissafin yana ba da wani adadi da ake kira n. Ga siffar silinda, n na 0.45 yana nufin magani yana ratsowa ne da kansa, 0.89 yana nufin sakin jikin ragar ne ke jan ragama. Amma ƙwaya mai ramuka ba cikakkiyar silinda ba ce, kuma ba a haɗa awannin asid da na bafa a lissafi ɗaya.

Mataki na 10: Idan zafi kake so ya zama makulli

Polimar da aka fi sani a nan, wato sinadari mai dogayen zarurruka da ake haɗawa daga ƙananan gaɓoɓi masu suna monoma, ita ce PNIPAAm. Ƙasa da kusan digiri 32 tana shan ruwa ta kumbura, sama da haka ta tsuke ta yi fari ta matse ruwan. Tsarin aikin ya ɗan juya. Ana haɗa monomar NIPAAm da sinadarin ɗauri MBA da mai kunna haske, LAP a nanomita 405 ko Irgacure 2959 a 365, a ƙara abin kauri kamar aljinet ko yumɓun Laponite, a buga, sannan a haska.

Abu huɗu za ka kiyaye. Monomar tana da illa, sai da safar hannu da wurin jan iska, kuma hasken UV sai da tabaransa. Bayan haskawa dole a wanke ƙwayar kwanaki ana sauya ruwa don ragowar monoma ta fita, saboda haka ba a saka magani a kwaɓi. Sai an gama wanki a jiƙa ƙwayar cikin ruwan magani a firji ta sha. Na uku, jikin mutum digiri 37 ne, ya riga ya wuce 32, don haka wannan jel da zarar ya shiga jiki ya tsuke ke nan. Mai son ya amsa zafin zazzaɓi ko na kumburi sai ya ɗaga ma'aunin ta hanyar haɗa wata monoma mai son ruwa. Na huɗu, idan aka ɗumama shi farat ɗaya yakan fesar da magani da farko, sannan fatarsa ta toshe ta hana sauran fita, don haka ka gwada zagaye da yawa tsakanin digiri 25 da 37 kana ɗiban samfur kusa-kusa.

Akwai kuma abin da takardun ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi. Idan sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin waje yakan kai 40, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya zai iya wuce 32 da rana tsaka. A irin wannan ɗaki jel ɗin zai tsuke tun yana kan faranti, kuma idan aka haska shi da zafi ragar takan fito fara mara daidaito. Haska shi a kan farantin da aka ɗora bisa ƙanƙara, yi aikin da sassafe, kuma gwajin digiri 25 ka yi shi a bahon da kake sanyayawa, da ma'aunin zafi tsome a cikin ruwan.

Pluronic F127, wani jel mai jin zafi, shi kuma a firji yake zama ruwa, a ɗumi ya daskare. Ana narkar da shi a ruwan sanyi a digiri 4, kuma a kashi 30 zuwa 40 yana buguwa da kyau fiye da kusan kowane jel. Sai dai ba shi da ɗaurin dindindin: ka saka ƙwayarsa a kwalbar gwaji ka dawo bayan 'yan awanni ka tarar da ruwa zalla. Idan da shi za ka yi aiki, ka auna nauyin ƙwayar a kowane lokacin ɗiban samfur, don ka raba abin da ya ratso da abin da ya fita saboda jel ɗin ya narke.